Haɓon Kare Da Ciwon Dajin Hanci, Da Abin Da Ya Wajaba Kan Mai Shi

Maganarmu ta yau a kan kare ta ke, da wani ciwo da ke tsiro masa cikin hanci, wanda likitocin dabbobi su ke lissafawa cikin ciwon daji, watau sankara. Lalle akwai wanda zai ture takardar nan ya ce, "Duk abin da ke damun mutane bai ishe su ba, sai kare?" Allah ya gafarta malam, a yi haƙuri a kai ƙarshe, gama a ciki akwai maganar dukiya, da maganar lafiyar iyali, da maganar hakkin mai rai wanda za a tambayi mai shi a kansa.

Wanda ya san Magama ya san gari ne na hanya. Daga nan zuwa Katsina kamar mil 30 ne, zuwa Maraɗi ma kusan haka, ga motocin kaya, ga rumbuna da shaguna, ga garken dabbobi masu shiga kara. An rufe iyakar nan a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta ba sai Afrilu na 2022. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, har zuwa Maris na 2024. Kasuwa ta ja baya a waɗannan shekaru, ɓarayin daji kuma suka addabi ƙauyukan ƙasar Jibiya. A irin wannan hali manomi da makiyayi da mai rumbun hatsi ba su ajiye kare don sha'awa. Haushinsa da tsakar dare ya kan zama shi ne sanarwar farko da gida ke samu.

Malamanmu kuwa sun san hukuncin. Hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, Suratul Kahfi kuma ta ambaci karen samarin kogo har sau 4. A mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne kurum, ko da ya ke Shafi'awa sun saɓa. Masu sharhin Risala sun kawo labarin mai littafin da kansa, Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 996, cewa katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa Malik ya ƙi ajiye kare a gida, ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Mutumin ƙauyen Jibiya ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan amsa.

To, abin da aka yarje maka ka ajiye, an ɗora maka cinsa da shansa da jinyarsa.

Arzikin kare duk a hancinsa ya ke. Cikin dogon hancin nan akwai siraran ƙasusuwa naɗe-naɗe kamar takardar laya, an shimfiɗe su da tattausar fata mai ɗauke da ƙwayoyin jin wari fiye da miliyan 200, alhali na ɗan Adam ba su wuce miliyan 6 ba. A cikin wannan fata ce ƙarin ya ke tsirowa. Ba shi da yawa, don cikin ciwon daji 100 da ke kama karnuka, 1 ko 2 ne na hanci. Ya fi kama tsohon kare, mai shekara 10 ko kusa da haka, ya kuma fi samun masu dogon hanci, irin karnukan farautarmu da siraran karnukan Buzaye na Azawak. A 1998 masu bincike a Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka sun ga ciwon ya fi yawa ga karnuka masu dogon hanci da ke zaune gidan mashaya taba, wani binciken na shekarar kuma ya danganta shi da hayaƙin kwal da kananzir a cikin ɗaki. Dalili a fili ya ke: dogon hanci rariya ne, abin da ya tace daga iska a nan ya ke maƙalewa.

Farkonsa ba ya da ban tsoro, shi ya sa a ke sakaci. Kare ya yi ta atishawa, majina na fita ta ƙofar hanci guda, wani lokaci da mugunya, wani lokaci da ɗigon jini. A ce ƙurar hunturu ce. A ba shi magani, ya yi kamar ya warke, bayan mako biyu ko uku abin ya komo. Sa'an nan haɓo ya fara, ya riƙa minshari ko idonsa biyu, ya koma numfashi ta baki, ido ɗaya na zubar da hawaye. In tafiya ta yi nisa doron hanci ya kumbura, fuska ta karkace, ido ya turo waje, ganɗa ta sauko. Tsakanin ƙarshen hanci da ƙwaƙwalwa ƙashi ne siriri mai huda-huda, in ƙarin ya fasa shi sai a ga farfaɗiya, ko kare ya yi ta kewaya wuri guda, ko ya manta mai gidansa. Abin da za a riƙe shi ne wannan: majina ko jini ta hanci ɗaya, ga tsohon kare, ya wuce mako biyu yana komowa, ya isa a nemi likitan dabbobi.

Amma kada kowa ya ga haɓo ya yanke hukunci. A ƙasarmu cikin abubuwan da ke sa kare haɓo akwai zazzaɓin kaska, wanda ke tsinka jini ya hana shi daskarewa, maganinsa kuwa ƙwaya ce ta mako 4, mai sauƙin kuɗi. Akwai gubar ɓera, wadda a ke zubawa a rumbuna da shaguna, kare ya ci ta ko ya ci ɓeran da ta kashe. Akwai ruɓaɓɓen haƙori, da tsinken ciyawa da ya shige lokacin farauta, da duka. Akwai kuma wata tsutsa mai faɗi kamar harshe, tsawon ɗan yatsa ko fi, da ke zama cikin hancin kare. Yana samunta ne daga ɗanyen kayan cikin tumaki da awaki da raƙuma da a ke jefa masa a mahauta. Mutanen Sudan sun san ta, domin masu cin ɗanyar hanta a can ta kan maƙale musu a maƙogwaro. Mahauta su ji wannan, su riƙa dafa abin da za su jefa wa kare.

Kashedi guda kuma wajibi ne kafin mu wuce. Karen da halinsa ya sake farat ɗaya, yana dalalar da miyau, muryarsa ta canja, muƙamuƙinsa ya saki, ko yana cizon abin da ya tarar, kada wanda ya sa hannu a bakinsa da sunan duba hanci ko ciro ƙashi. Wannan kamannin haukan kare ne, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. A tsare shi inda ba ya kai ga kowa, a kira ma'aikatan dabbobi. Wanda ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran alama, gama in alama ta fito an makara. Allurar rigakafin karnuka kuwa ana yin ta a nan gida, a cibiyar binciken dabbobi ta Bom da ke Jihar Filato, wadda ta ke wurin tun 1924.

Yanzu ga wurin da na fi so a saurara da kyau, don a nan ne a ke asarar kare a banza. Ciwon dajin hanci iri biyu ne a wurinmu, ɗaya yana warkewa sarai.

Akwai wani ƙari da ke fitowa a al'aurar kare da karya, ja, mai ɓurɓushi kamar tsiron naman miki, yana ɗigar da jini. Duk wanda ya zauna unguwar da karnuka ke yawo sakaka ya taɓa ganinsa. Abin mamaki game da shi, ciwon daji ne amma yana yaɗuwa daga wannan kare zuwa wancan wajen barbara. Wani likitan dabbobi na Rasha, Nobinski, shi ya fara nuna haka a 1876. Masu bincike na Jami'ar Kambirij ta Ingila sun bi asalinsa, a 2019 suka ce ya faro ne daga jikin kare guda da ya rayu a nahiyar Asiya tsakanin shekara 4,000 zuwa 8,500 da suka wuce. Karen ya mutu tun tuni, amma tsokar ƙarinsa tana nan da rai, tana tsallakawa daga jiki zuwa jiki har ta game duniya. Malamai masu tunani cikin halittar Ubangiji, ga abin tunani.

Abin da ya haɗa shi da zancenmu shi ne ɗabi'ar kare ta shinshina da lasa. In namiji ya shinshini karya mai ciwon, ƙarin ya kan dasu a hancinsa ko bakinsa, ya kawo atishawa da haɓo da kumburin fuska, daidai da wancan mugun. Mutanen Kambirij ɗin sun bayyana a 2022 cewa irin wannan na hanci ya fi samun maza sau 4 zuwa 5 bisa mata. Ba ya zaɓen tsoho, ya fi ma kama ƙaƙƙarfan kare mai yawon dare. Likita ya kan gane shi da ɗan abin da ya lakato daga hancin ya duba a madubin ƙara girma, maganinsa kuwa allura ce a jijiya, sunanta binkiristin, sau ɗaya a mako, mako 4 zuwa 6, kuma fiye da 9 cikin 10 su kan warke. Daga wani ɗan fure a ke samo ta, wanda asalinsa tsibirin Madagaska ne, ana ma shuka shi don ado a ƙofar gidaje. Sai dai ba allurar da mai kemis ko ɗan kasuwar magani zai yi ba ce, domin in ta zuba waje da jijiya tana cin nama. Ciwon ba ya kama mutum. Saboda haka mai karen da bai tsufa ba, in ya ga wannan alama, kada ya fid da rai. Ya kai shi asibitin dabbobi a Katsina ko Maraɗi, in abin ya gagara akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Kuɗin mota da na allura ba su kai asarar tunkiya biyu da ɓarawo zai kora a daren da babu mai haushi ba.

Ɗaya irin, na tsofaffi, shi ne mai wuya, kuma ba za mu ɓoye gaskiyarsa ba. Kashi biyu cikin uku daga fatar cikin hanci ya ke tsirowa, saura daga ƙashi ko guringuntsi. Ba ya saurin bazuwa cikin jiki, a inda ya ke ya ke ɓarna, yana cin ƙashi yana toshe hanyar iska. A 2006 likitoci a Amurka sun bi labarin karnuka 139 da ba a yi wa ƙarin kansa magani ba, suka tarar rabinsu ba su wuce kwana 95 ba daga ranar da aka gane ciwon. Waɗanda suka riga suka fara haɓo kwana 88 ne, waɗanda ba su fara ba kwana 224. Fiɗa ita kaɗai ba ta ƙara kwana, gama ba a iya kwashe shi duka daga cikin naɗe-naɗen nan. Abin da ke taimako shi ne gashi da hasken na'ura, wanda a ƙasashen Turai ya kan ba kare shekara guda ko da rabi, da kuɗi mai yawan gaske. A nan kuwa na'urorin ƙididdigaggu ne, a manyan asibitoci irin na Shika da Sakkwato da Abuja, 'yan Adam ma layi su ke bi. Wanda ya ce maka zai warkar da wannan ciwo da turare ko shaƙe ko saƙi, kuɗinka ya ke so. Hura garin magani a hancin da ke da ƙari ba ya haifar da kome sai ƙarin jini.

Abin da ya rage a hannun mai kare shi ne sauƙaƙawa, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. A ɗauke shi daga kusa da murhu da hayaƙi, a sa shi inuwa inda ƙura ba ta bugunsa, a yayyafa ruwa a wurin kwanansa lokacin hunturu. A riƙa share masa ɓawon majina da tsumma mai ɗumi. In haɓo ya zo a kwantar da shi, a ɗora tsumma mai sanyi bisa doron hanci, kada a cusa kome a ciki. Kare da hanci ya ke cin abinci, in ya daina jin ƙanshi sai ya ƙi ci ko yunwa na cinsa, don haka a bar ba shi busasshen ƙanzo, a jiƙa tuwo da romo mai ɗumi, a sa ɗan kifi ko abin da ƙanshinsa ke tashi. A sauke masa farauta da bin garke. Akwai maganin rage zafi da kumburi da likitoci ke ba irin wannan kare, firoksikam, amma a yi hattara: ƙwayar da a ke sayar wa mutane mai miligiram 20 ce, kare mai nauyin kilo 15 kuwa abin da ya ke ɗauka a yini bai kai miligiram 5 ba. Wanda ya ba shi ƙwaya guda don tausayi yana iya huda masa ciki. Haka magungunan ciwon jiki da a ke talla a tasha, yawancinsu guba ne ga kare. Awo aikin likita ne.

Bari mu ɗan ratse zuwa kara, don fatake kada su ce ba a taɓo nasu ba. Tumaki da awaki ma suna da nasu ƙarin hanci, wanda ƙwayar cuta ke kawowa, tana bin majina daga dabba zuwa dabba. Likitocin dabbobi na Zariya sun ba da bayaninsa a tumakin ƙasar nan tun 1978. Tunkiya ta yi ta zubar da majina fara mai ruwa, gashin bakin hanci ya zube, tana numfashi da ƙara, tana ramewa, har ta mutu. Ba shi da magani, ba shi da rigakafi, sai a ware ta daga garke, a yanka bisa shawarar ma'aikacin dabbobi. Ya kan yi kama da tsutsar hanci ta ƙuda wadda kowane makiyayi ya sani, bambancin shi ne ita tsutsa tana jin magani. Dillalin da ya share hancin rago da gefen riga kafin mai saye ya iso ya san abin da ya yi: ɓoye aibi ne, shari'a ta ba mai saye ikon mayarwa, dabbar da ciwonta ya bayyana kuma ba ta isar wa layya.

Mu komo ga kare. Ranar da jinya ta yi nauyi, Shaiɗan ya kan kawo wa mai shi shawara biyu. Ta farko ya sayar wa masu sayen karnuka, waɗanda ke bin ƙauyukan Arewa da na Nijar suna tarawa su kai kasuwar Dawaki ta Jihar Filato. Mashhurin mazhaba ya hana cin kuɗin kare, ko da ya ke Sahnunu ya yi sauƙi ga wanda aka yi izinin ajiyewa. Amma ko a bar maganar kuɗin, dabbar da ba ta iya numfashi sai ta baki, a cusa ta cikin keji da wasu, a yi kwana da kwanaki a mota cikin rana, wannan azaba ce da ba ta da fassara. Shawara ta biyu ya kai shi bayan gari ya sake, ya ce Allah ya ci da shi. A ganina wannan ta fi muni, domin mai yin ta yana tsammanin hannunsa ya fita. Kare ba ya farauta ba hanci, ba ya gane hanyar gida ba hanci, ƙishirwa ce za ta kashe shi a hankali. Malamai sun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, sun kuma san na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare da ƙufinsa. Duka biyun suna cikin Buhari da Muslim.

To, in ciwo ya kai inda kare ba ya barci sai a zaune don neman iska, ya bar ci kwana da kwanaki, haɓo ba ya tsayawa, ko farfaɗiya ta fara, mene ne abin yi? Malaman Malikiyya ba su bar wannan mas'ala ba. Shehu Halilu a Muhtasar, cikin babin yanka, ya halatta a gaggauta wa dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai gare ta, don a hutar da ita, wasu malamai kuma sun ga a bar ta har ajalinta ya zo da kansa. Mai kare ya tambayi malaminsa, ya tambayi likita, don shi likita ya san ko da sauran magani, shi kuwa malam ya san hukunci. In an tsai da shawara, likitan dabbobi yana da allura mai sa barci mai nauyi, numfashi ya tsaya a cikinsa ba tare da kare ya ji kome ba. Jifa da sanda da guba da rataya ba hutarwa ba ne, kada a bari yara su yi, kada ma su gani.

Saura maganar da ba a cika yi ba, watau abin da ke zuciyar mai shi bayan an gama. Bahaushe yana da kunya a nan. Mafarauci zai yi shekara 10 da karensa, sun kwana daji tare, ya san muryarsa cikin karnuka hamsin, ya raɗa masa suna, Duna ko Ƙyale-su, amma ranar da ya mutu ba shi da wanda zai gaya wa, don kada a yi masa dariya a majalisa. Sai ya shiga gida ya yi ta faɗa da iyali ba dalili, ko ya tashi da asuba ya ɗebi sauran tuwo ya nufi inda ya saba ajiyewa kafin ya tuna. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, gaskiya ne, amma ba a ce sabon ba ya ciwo ba.

Magabata ba su ga abin kunya a nan ba. Anas ɗan Malik yana da ƙane wajen uwa, ana yi masa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da ya ke wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shigo ya tarar da yaron cikin baƙin ciki, ya tambayi dalili, aka gaya masa, sai ya kira shi da alkunyarsa ya tambaye shi labarin ɗan tsuntsun cikin lallashi. Bai ce masa tsuntsu ne kawai ba. Wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙassi, ya fitar da fa'ida 60 daga wannan ɗan gajeren hadisi, kamar yadda Ibnu Hajar ya ambata a Fathul Bari. A Bagadaza kuma Ibnul Marzuban, wanda ya rasu a 921, ya wallafa littafi sukutum a kan fifikon karnuka bisa da yawa daga masu sa tufafi, ya cika shi da labaran amanarsu. Ɗan zamaninsa Ibnul Allaf ya yi wa kyanwarsa marsiyya bayan maƙwabta sun kashe ta saboda tana cinye musu tattabaru, ƙasidar ta shahara har masu tarihi suka adana ta. Wasu sun ce da kyanwar ya fake, abokinsa Ibnul Mu'utazzi da aka kashe a 908 ya ke wa kuka, don tsoron masu mulki. Ko da hakan ne, ai bai fake da ita ba sai don ya san mutanen zamaninsa ba za su ga baƙon abu ga mai kukan kyanwarsa ba.

Iyakar da shari'a ta sa ita ce wadda ta sa ga kowane rashi: hawaye da ƙuncin zuciya ba laifi, kururuwa da fushi da ƙaddara su ne abin hani. Ba a yi wa dabba salla, ba a zaman makoki, ba a gina kabari. Amma maƙwabcin da ya ce wa mai kare, "Ashe an yi rashi, Allah ya mayar da alheri," bai yi bidi'a ba, zumunci ya yi. Wanda zuciyarsa ke cinsa cewa da ya kai shi asibiti da wuri da bai mutu ba, ya sani irin na tsofaffin nan ko a ƙasar da ke da na'ura jinkirta shi a ke yi, ba a cika warkar da shi ba.

Yara su ne abin lura, don sau da yawa su ne masu ba shi abinci, tun yana kwikwiyo. Kada a ce musu ya gudu, ko an kai shi ƙauye, domin yaro zai yi ta duban hanya, in kuwa ya gano daga baya ya daina yarda da maganar babba. A gaya masa ciwo ne, ya yi tsanani, ya mutu, kuma abincin da ya riƙa ba shi yana da lada. Kada a yi gaggawar kawo wani don a toshe bakinsa, a bari sai ya nema. In an kawo sabo, a fara da allurar hauka yana wata 3, a riƙa cire masa kaska, a hana shi yawon dare.

Gawar kuma kada a jefa ta kan juji ko cikin rafi. Ruwan da ya bi ta madatsar Jibiya shi ne Gulbin Maraɗi, mutane da dabbobi na sha har cikin Nijar. A haƙa rami mai zurfin da ya kai ƙugun mutum, nesa da rijiya, a rufe, a danne da duwatsu ko ƙaya don kada wasu karnuka su tone. Wannan ya fi zama tilas in da allura aka hutar da shi, gama maganin yana nan cikin naman, duk ungulu ko karen da ya ci zai bi shi, ungulu kuwa ta riga ta yi ƙaranci a garuruwanmu. Kwanon da ya ke ci a ciki a wanke shi da ruwan zafi da toka kafin a ba wani.